Daga Rumfata: Jikata da Waƙar Makaranta

Jama'a, jiya na rufe rumfa a kasuwar KM5, na biya makarantar yara ƙanana a Yakite ɗauko jikata. Na tarar malama ta yi da'ira da su, tana ba da waƙa da Sango, suna amsawa, suna tafi, suna juyi. Wallahi sai da na yi ƙwalla. A Disambar 2013, a unguwar nan, shiru muke koya wa yara, kada a ji motsinmu.

Amma fa da na ce ta yi mini gaɗa da Hausa, sai ta yi zuru. Laifin namu ne, mun bar wa malama komai. Yanzu bayan isha'i kakarta ke tara su a tsakar gida, ana gaɗa. Ku fa, a gidajenku?