Sharhi: Tsakanin mudun kasuwa da sikelin masana'anta, wa ke cin ribar giɓin?

A Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal ta jihar Sakkwato, da mudu da buhu ake cinikin gero da dawa da shinkafa, kamar yadda ake yi a Kebbe da sauran garuruwan kudancin jihar. To amma da zarar an loda kayan a mota aka nufi masana'anta da su, sai lissafi ya koma na kilo da tan.

Shi kuma manomin da ya sayar da mudu, idan ya tashi sayen takin zamani ko siminti, buhun da aka rubuta wa kilo 50 ake miƙa masa, kuma ba kasafai yake da hanyar tabbatar da cewa abin da ke rubuce shi ne a ciki ba.

Ke nan ta kowane ɓangare, wani ne ke riƙe da ma'aunin. A wannan lokaci na tsadar taki da kayan gini, giɓin da ke tsakanin awon biyu kuɗi ne masu yawa.

Yadda ake awo a Kalambaina

Babu inda ake awon kaya mai yawa a jihar Sakkwato kamar masana'antar siminti ta Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko. An kafa kamfanin a 1962, ya fara aiki a 1967, kuma yanzu yana ƙarƙashin BUA Cement. A 2018 an buɗe wani sabon sashe mai iya samar da tan miliyan 1.5 a shekara, sannan a watan Janairun 2022 aka buɗe wani mai iya samar da tan miliyan 3.

A irin wannan masana'anta, awo na farawa ne tun daga dutsen farar ƙasa da ake fasowa. Akwai sikeli a ƙarƙashin bel ɗin da ke jigilar dutsen, wanda ke auna shi yana tafe, ba tare da an tsayar da aiki ba. Wasu na'urorin kuma su ne ke ƙayyade yawan laka da sauran mahaɗin da za a zuba. A wajen niƙa na ƙarshe ana ƙara ma'adinin jibsom ɗan kaɗan, abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, domin kada simintin ya daskare da wuri. Idan awon ya kauce, ingancin ginin da za a yi da shi ne zai taɓu.

Asirin akasarin waɗannan na'urori wani guntun ƙarfe ne da ke ɗan lanƙwasawa idan nauyi ya hau shi, lanƙwasar da ido ba ya gani. Wasu siraran wayoyi da ke manne da shi su ne ke mayar da ita saƙon lantarki, kwamfuta kuma ta fassara shi zuwa kilo. Ƙura da zafi da girgizar injuna kan sa lissafin ya karkace sannu a hankali, shi ya sa dole a riƙa gwada sikelin da duwatsun awo da aka tantance.

Daga nan sai injin ɗura buhuna, wanda ke yanke zubar gari da zarar buhu ya kai kilo 50, sai kuma gadar awo da ke bakin ƙofa, inda ake auna tirela babu kaya, a sake auna ta bayan lodi. Tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 600 ke nan.

Tan miliyan 3 daidai yake da buhu miliyan 60. Idan aka ƙaddara, alal misali, kuskuren rabin kilo a kowane buhu, to a shekara ya zama tan dubu 30, wato buhu dubu 600. In ƙari ne, kamfani ya yi asara. In ragi ne, mai saye ya biya kuɗin abin da bai karɓa ba. Wannan ne dalilin da ya sa manyan masana'antu ba sa wasa da sikelinsu.

Buhu a cike, taki babu ƙarfi

Lamarin ya fi taɓa manomi a harkar taki. Shirin samar da taki da gwamnatin tarayya ta ƙulla da kamfanin OCP na ƙasar Maroko a ƙarshen 2016 ya farfaɗo da masana'antun haɗa taki da dama a arewacin Najeriya. Aikin waɗannan masana'antu kusan duka awo ne: a auna yuriya, a auna sinadarin fosfet da na fotash, a auna dutsen farar ƙasa da ake cike gurbi da shi, sannan a gauraya.

Lambobin 20:10:10 da ke jikin buhun kamfa alkawari ne cewa kashi 20 cikin 100 na abin da ke ciki sinadarin naitirojin ne, wato kilo 10 a buhu mai kilo 50. Idan sikelin yuriya ya rage, na farar ƙasa ya ƙara, buhu zai cika nauyinsa daidai, amma takin ba shi da ƙarfi. Manomi ba zai gane ba sai ganyen shuka ya yi ɗorawa, lokacin da damina ta riga ta yi nisa.

Dokar kula da ingancin taki ta 2019 ta haramta gurɓata shi da tauye nauyin buhu. Sai dai tsakanin ƙofar masana'anta da shagon ƙauye, buhu kan bi ta hannaye da yawa, kuma manoma sun daɗe suna kokawa da masu farke buhu su rage, su sake ɗinkewa.

Saye da buhu, sayarwa da kilo

Ta fuskar sayar da amfanin gona kuwa, kudancin Sakkwato na makwabtaka da jihar Kebbi, inda aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a watan Nuwamban 2015, kuma inda manyan kamfanonin casar shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu suke. Irin waɗannan kamfanoni da kilo suke saye, kuma sukan gwada danshin shinkafar, su rage kuɗi idan ya zarce wajen kashi 14 cikin 100.

Dillali kuwa da buhu yake saye a ƙauye, buhun kuma sai an danna shi an yi masa tozo. Idan kowane buhu ya haura da kilo 5, misali, to a buhu 300 an sami tan ɗaya da rabi da ba a biya manomi kuɗinsa ba.

Ba za a ɗora wa dillalai laifin duka ba. Su ke biyan kuɗin mota, su ke ɗaukar asarar nauyin da kaya ke yi idan sun ƙara bushewa, kuma akwai manoman da ke cusa yashi da tsakuwa a gindin buhu. Rashin ma'auni ɗaya ya sa kowa na zargin ɗan uwansa, kowa kuma na neman hanyar kare kansa.

Wa ke duba ma'aunin?

Najeriya na da dokar awo tun 1974, wadda ta tabbatar da amfani da kilo da lita da mita, kuma tsarin mulkin 1999 ya bar batun awo a hannun gwamnatin tarayya ita kaɗai. Sashen kula da awo na ma'aikatar masana'antu da ciniki shi ke da alhakin gwada sikeli da buga masa hatimi. Amma kasuwannin ƙauye a hannun ƙananan hukumomi suke, an kuma fi jin ɗuriyar jami'an sashen a gidajen mai da manyan kamfanoni. A tsakanin hukumomin biyu ne mudu ya rasa mai kula da shi.

Batun ba baƙo ba ne a wannan yanki. Sura guda ta Alƙur'ani, Muɗaffifin, da gargaɗin masu tauye awo ta fara, kuma a zamanin Daular Usmaniyya duba ma'aunan kasuwa na cikin ayyukan muhtasibi. Dattawa ma ba su manta da sikelin awon auduga da gyaɗa ba, kafin a rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, kamar yadda ba su manta da akawun da ke karanta awo shi kaɗai ba. Sikelin da mutum ɗaya ne kawai ya iya karanta shi bai fi bugaggen mudu ba.

Wasu ƙasashen sun gwada doka. A 2019 Kenya ta ƙayyade cewa buhun dankalin Turawa kada ya wuce kilo 50, amma aiwatar da hakan ya yi ta cin karo da turjiyar 'yan kasuwa.

Abin da ya fi kusa da hannun mutanen Jabo da Kebbe shi ne sikelin jama'a a kasuwa, wanda ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma za ta mallaka, hukuma ta riƙa tantance shi, kowa kuma ya iya ɗora buhunsa a kai kafin ya biya ko ya karɓi kuɗi. Idan aka haɗa da bayyana farashi da kilo a gidajen rediyo, manomi zai san abin da masana'anta ke biya kafin dillali ya iso.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomi da shugabannin kasuwa za su ɗauki wannan nauyi kafin kaka mai zuwa.