Wayar Lantarki Amana Ce

Ya 'yan'uwa, tun 2015 doka ta ɗora wa hukumar NEMSA duba aikin wayar lantarki a gine-gine. To, daga Gulma zuwa Argungu da Birnin Kebbi, mu nawa muke kiran mai dubawa kafin a jona wuta? Mukan sayi siririyar waya don araha, mu ɗora mata hita da firji. In ta kama, mu ce ƙaddara ce. Alhali tawakkali bai kore riƙo da sababi ba, kuma gobara ba ta san katangar maƙwabci ba. Mai ba da cin hanci don a tsallake dubawa, da mai karɓa, duka sun ci amana. Mu fara gyara daga masallatanmu da makarantunmu. Allah Ya kiyaye.