Jitarka Ba Ta Mutu Ba, Gyara Take So

Ya kai mai karatu, ko kai makaɗi ne, ko kana da ɗa ko ƙane mai kaɗa jita, tsaya ka ji. A Arlit da Akokan za ka tarar da jita mai aiki da lantarki an jingine ta a lungun ɗaki, ƙura ta rufe ta. In ka tambayi mai ita, sai ya ce ta mutu, yana jiran wani ya kawo masa sabuwa daga Aljeriya ko Faransa. Wannan jira asara ce. Sau da yawa waya ɗaya ce ta tsinke a cikinta.

Wasu na cewa kayan Turawa sai Turawa, in ka buɗe za ka ɓata. To, ka san wanda ya ƙera jitar da samari suka fi so? Sunansa Leo Fender, mutumin Amurka. Mai gyaran rediyo ne, bai ma iya kaɗa jita ba. A 1954 ya fito da wadda ake kira Stratocaster. Wuyanta da kusoshi huɗu masu murɗi aka ɗaure shi, don in ya lalace a kwance a sa wani. Abin da aka ƙera don a riƙa kwancewa, don me za ka ji tsoron kwance shi?

Dubi na gida kuma. Mdou Moctar ya tashi a Arlit. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Yau yana wasa a Turai da Amurka. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen shi ma da gwangwani da sanda da wayar keke ya fara. Marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, ya buɗe makarantar kiɗa a Arlit don yara su koya. Waɗannan ba su zauna jiran kyauta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ka tuna zamani ya sauya. SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK a 1978, kuɗi suka shigo garin. Ranar 31 ga watan Maris na 2021 aka rufe ma'adinin COMINAK na Akokan, mutane da yawa suka rasa aiki. Kuɗin sabuwar jita yanzu kuɗin hatsin gida ne. Makaɗin da jitarsa ta yi shiru ranar biki ya rasa abincin iyalinsa, gobe kuma wani za a kira.

Ga yadda abin yake aiki. Ƙarƙashin tsirkiyoyi shida akwai mayen ƙarfe da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiya ta girgiza, sai ƴar wuta kaɗan ta tashi, ta bi waya zuwa akwatin ƙara sauti. Ke nan duk inda hanyar ta yanke, sauti ya yanke.

Fara duba igiyar da ke haɗa jita da akwati. Ari ta wani ka gwada. In sauti ya dawo, igiya ce ta mutu. In bai dawo ba, duba ramin da ake soka igiyar. Notinsa yakan saki, ramin ya riƙa juyawa har waya ta tsinke. Wayoyi biyu ne kawai a wurin. Mai gyaran rediyo ko salula zai liƙe maka da dalma nan take. Ka tsaya ka kalli hannunsa, don gobe ka yi da kanka.

In kana murɗa maɓallin sauti kana jin ƙarar ƙas-ƙas, ƙura ce ta shiga. Murɗa shi gaba da baya sau da yawa. Kada ka ɗiga masa man inji ko man gyaɗa, mai yana tara ƙura.

Zafi da bushewar iskar Arlit su ne manyan abokan gaban katako. Kada ka bar jita a rana, ko cikin mota a rufe. Wuyanta zai lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da yatsa. Cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa don a miƙar da shi. Murɗa kaɗan, kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye, ka bari ta kwana ka sake dubawa. In ta ƙi juyawa, kada ka tilasta mata.

Gumi kuma shi ke sa tsirkiya tsatsa. Bayan kowane wasa, goge ta da busasshen tsumma, ka mai da jita cikin jaka. Ɗinka jakar ba ya gagarar telan unguwa.

In kana son ta fi yadda take, ba sai ka sayi kaya masu tsada ba. Ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuya, a jita mai araha roba ce. Ana goge ƙashin raƙumi ko na sa a sa a madadinsa, ya fi ƙarko. Kunnuwan ɗaure tsirkiya in suna saki, ƙara matse kusoshinsu kafin ka ce sai sababbi.

Abu ɗaya ne za ka kiyaye. Akwatin ƙara sauti ba jita ba ne. Yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire shi daga lantarki, tana iya kashe mutum. Shi kam, kai wa gwani.

Gwanaye kuwa suna nan. Garin da ya yi shekaru fiye da 50 yana horar da masu aikin lantarki da makanikai a ma'adinai bai kamata a ce waya biyu ta gagare shi ba. Ɗauko jitar nan daga lungu, kaɗe mata ƙura, ka kai wa ɗaya daga cikinsu ku buɗe ta tare.