Kada a rufe mikroskop da zane a ce TDR ta isa

A shirinmu na kiwon lafiya wani bawan Allah ya bugo waya, ya ce mu daina ɓata lokacin antene da zancen mikroskop, wai wannan aikin Nasara ne da manyan jami'o'insu, mu nan TDR ta ishe mu. Lokaci ya ƙare ba mu ba shi amsa ba. To ga ta nan a rubuce, kuma ba shi kaɗai muke nufi ba, don mun sha jin maganar nan daga bakin waɗanda sunka fi shi karatu.

Mu fara da ba TDR haƙƙinta. Wannan ɗan gwajin da ake ɗiga ma jinin yatsa, a jira minti 15 zuwa 20, ya ceci yara da yawa a ƙauyukan da ba su da lantarki balle labo. Tun 2010 hukumar OMS ta ce kada a ba da maganin palu sai an gwada jini, kuma TDR ce ta kai wannan umurni har cikin kaz da sante. Wanda ya ga ɗakin yara a watan Satumba, gado guda yara biyu ko uku, ba ya raina ta.

Amma TDR ba ta ganin ƙwayar cutar. Abin da mafi yawansu ke kamawa wani sinadari ne da ƙwayar ke saki cikin jini, ana ce mishi HRP2. Sinadarin nan na iya zama cikin jini makonni bayan yaro ya warke. Ka ga yaron da anka yi ma magani sati biyu da sunka wuce, yau jikinshi ya sake zafi saboda ciwon huhu ko taifot, gwaji ya nuna ja, a sake ɗura mishi maganin palu a koma gida. Ciwon gaskiya na can yana cinshi. Sa'an nan akwai abin da ya fi wannan ban tsoro: an samu ƙwayoyin palu da ba su yin HRP2 ko kaɗan. An fara ba da labarinsu a Peru a 2010, kuma a 2016 ƙasar Eritiriya ta daina aiki da irin wannan gwajin saboda marasa lafiya na zuwa da palu a jini, gwaji na cewa babu. Da me anka gano? Likitoci sunka koma kan mikroskop, sunka ga ƙwayar da idonsu.

Abin da labo ke yi, wanda muke ce ma gut epes, ba tsafi ba ne. A ɗiga jini kan gilashi, ya bushe, a rina shi da ruwan Giemsa, a sa ɗigon mai, a duba da madubin da ke ƙara girman abu sau 1000. Laborante ya ƙirga ƙwayoyi, ya faɗa ma likita ko kaɗan ne ko jinin cike yake, ya faɗi wane iri ne, kuma bayan kwana uku a sake dubawa a ga ko magani na aiki. TDR ba ta ƙirga, "e" ko "a'a" kawai ta sani.

Shi kuma zancen "aikin Nasara", a ƙasar Afirka anka fara ganin ƙwayar nan. A 1880 Alphonse Laveran ya gan ta cikin jinin wani soja a Kustantin ta Aljeriya. Tsutsar tsargiya ma a Alƙahira Bilharz ya gano ta a 1851. Yau a Yamai akwai CERMES inda ɗiyan ƙasar nan ke bincike kan palu da sanƙarau. A Amurka wani malami na jami'ar Stanford, Manu Prakash, ya ƙera mikroskop na takarda, Foldscope, wanda kuɗin haɗa shi bai kai jikka guda ba. Bai isa ya maye gurbin na labo ba, amma ya isa ɗan kolej na Buza ya ga abin da ke motsi cikin ruwan tabki. Mu da munka yi kolej nan, zanen mikroskop munka yi cikin kaye, munka sa ma kowane ɓangare suna da Faransanci, munka ci maki, hannunmu bai taɓa shi ba.

Kuma ba palu kaɗai ba ne. Yaron da ke wanka a madatsun ruwan da Projet Keita ya gina tun daga 1984, ko a tabkunan Maggiya, in ya fara fitsarin jini, ƙwan tsargiya da mikroskop ake ganinshi. Tsohon da ke tari wata da watanni, kakinshi ake rinawa a duba. Mai ciki da ke fama da tsutsar ciki, haka.

Mun taɓa kai ɗiyar ƙanenmu wata likita, ba za mu ambaci suna ba. Mikroskop na nan kan tebur, an lulluɓe shi da zane, ƙura ta hau. Munka tambaya, anka ce ruwan rini ya ƙare, mai dubawa kuma an yi mishi afektasiyo ba a aiko wani ba. Sai da munka ɗauki mota zuwa wani gari da yarinya na rawar ɗari. Mu muna da kuɗin mota. Mai albasar da bai sayar ba fa?

Shi ya sa muke jin haushi in munka ga an tara manya a otel kwana uku ana atiliye kan palu, ana raba perdiyam, kat-kat na jere a ƙofa. Kwalbar Giemsa, gilasai, mai, fano solar guda da batir: ba su kai kuɗin lemun atiliye ba. Abu mai tsada shi ne mutum, laborante da ya ƙware, a biya shi kan lokaci, a riƙa sake duba gilasansa don ido na dushewa in ba a gwada shi.

Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke ci-rani, kun sayi ambulans, kun gina katangar likita, Allah ya saka. Kafin tarin kuɗi na gaba, ku aika wani ya tambayi majo da ƴan COGES: akwai mikroskop, yana aiki, wa ke zama bakinshi, yaushe anka duba gilashi na ƙarshe? Ku rubuto muna sunan gari da amsar da kunka samu, za mu karanta su a antene kafin ruwan farko ya sauka.