Abin da yayye suka shuka a bariki, mu ke girbinsa bisa hanya

Jama'a, wani zai ce mi ya haɗa mai sayar da albasa da makarantar hafsoshin soja? Abin da ya haɗa mu shi ne hanya. Duk ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Maraɗi zuwa Yamai, ko daga Tawa zuwa Agadas, sai ya tsaya a shingen jami'an tsaro. Matashin laftanan da ke ba da umurni a wurin, jiya-jiya ɗalibi ne.

A makarantun soja, kamar na Tondibiya kusa da Yamai ko makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas, malamai na koyar da harbi da taswira da dokar aiki. Amma bayan an tashi daga aji, sabon shiga yana hannun yayyensa, wato ɗaliban da suka riga shi shiga. Su ke tada shi da asuba, su duba gadonsa da takalminsa, su nuna masa yadda ake magana da na sama da na ƙasa. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: yaron shago ya fi koyon ciniki wurin babban yaro bisa ga wurin maigida. In babban yaro na tauye mudu, ƙaramin ma zai tauye.

To haka abin yake a bariki. Yayan da ya ɗauki horo a matsayin cin zali, ya sa ƙanensa wankin kayansa, ya wulaƙanta shi don nishaɗi, ya koya masa cewa galo lasisin danniya ne. Gobe wannan ƙanen zai gwada darasin a kan sojojinsa, jibi a kan mai kai tumatir kasuwa. Yayan da ya bari sai ƙannensa sun ci kafin ya ci, ya hore su ba da ƙeta ba, ya ba ƙasa hafsan da sojoji za su bi cikin wuta.

Ba ƙaramar magana ba ce. A 2002 sojoji sun yi bore a Difa kan albashi da halin zamansu, har suka tsare shugaban jihar. A Disamban 2019 an kashe sojoji 71 a Inates, a Janairun 2020 wasu 89 a Shinagodar. Rundunar da ke fuskantar irin wannan ba ta da halin rasa yarda tsakanin hafsa da ƙaramin soja. Kuma tun 1974 sojoji sun karɓi mulki sau biyar a ƙasar nan. Ɗalibin yau yana iya zama mai mulkin gobe.

Don haka muna kira ga shugabannin makarantun: a auna yaya da halin ƙannen da ya raina, ba da ƙarfin tsawarsa ba. Mu iyaye kuma, in ɗanmu ya zo hutu da kaki, mu tambaye shi yadda yake riƙon na ƙasa da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.