Tsohon da Ya Ce “Da Sauƙi”

Waɗansu masu wa'azi sun samo wata sabuwar hujja, suna yawo da ita daga wannan taron farkawa zuwa wancan. Sai mutum ya miƙe gaban jama'a, ya ɗaga murya ya ce likitocin Amurka da kansu sun bincika sun tabbatar mai zuwa sujada ya fi tsawon rai, mai addu'a kuma ya fi saurin warkewa. Jama'a su ɗauka da Amin. Ba ƙirƙira ya yi ba, gama binciken yana nan. Sai dai ya yaɗe man da ke sama ya zubar da nonon, abin da ya zubar ɗin kuwa shi ne rabon tsoho da marar lafiya.

Ga binciken da yake nufi. A shekarar 2016 masana na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bin sawun mata ma'aikatan jinya 74,534 shekara da shekaru. Waɗanda ke zuwa sujada fiye da sau ɗaya a mako, haɗarin mutuwarsu a cikin shekarun binciken ya gaza na marasa zuwa da kashi 33 cikin ɗari. Amma masanan ba su tsaya nan ba, sun tambaya ta wace hanya abin ya zo. Suka ga wani sashi na bambancin ya biyo ta abubuwan da kowace uwa a zumuntar mata ta sani: matan nan suna da masu leƙo su, ba su cika shan taba ba, baƙin ciki bai cika danne su ba. Wannan sashen ba ya shiga wa'azi, domin yana ɗora wa mai wa'azin aiki.

Akwai kuma wanda ba a ambatonsa ko kaɗan. Likita Herbert Benson da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 1,802 da za a yi wa aikin jijiyar zuciya a asibitoci shida, suka raba su uku, suka ba waɗansu ƙungiyoyin masu addu'a sunayen kashi biyu su yi musu roƙo kwana 14. Da sakamako ya fito a 2006, waɗanda aka yi wa addu'a ba su sani ba, kashi 52 cikin ɗari sun sami matsala bayan aikin. Waɗanda ba a yi wa ba, kashi 51. Waɗanda aka tabbatar musu ana yi musu addu'a kuwa, kashi 59. Mai bi na gaskiya ba zai girgiza da wannan ba, gama Allah ba ma'aikacin asibiti ba ne da za a miƙa masa takardar sunaye a ce ga waɗanda zai warkar, ga waɗanda zai bari don a gwada shi. Amma wanda ya jingina bangaskiyar jama'a a kan lissafin likitoci, me zai ce musu ranar da lissafin ya juya masa baya?

Duk waɗannan a Amurka aka yi su, inda marar lafiya ke da gado da wuta da likita. In ana so a ga nauyin maganar, sai a kai ta inda Bahaushe ya tsufa asibiti kuwa ya rushe, wato Sudan.

Da yawa cikin masu bi na ƙasar Hausa ba su san suna da dangi a can ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, a 1906 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinnar. Ga kuma masu tafiya Makka da ƙafa waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya, suka zauna neman na gaba, zaman ya zama na 'ya'ya da jikoki. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa na cikin waɗanda suka yi ta tsinkar audugar nan. Waɗansu suka yi ƙauyukansu, waɗansu suka zauna a zangon leburori da ake kira kambo, a gefen magudanan ruwa. Magudanan da suka kawo auduga su suka yaɗa tsargiya da zazzaɓin sauro, har sai da aka kafa babban shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 domin yaƙi da su. Mutanen nan Musulmi ne kusan dukansu. Wannan bai rage kome daga maganar ba, gama ciwon ƙugu na tsufa iri ɗaya ne a Mai Wurno da Wusasa.

Tsohon da ke can yau ya ga abin da ya gani. A watan Yuli na 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a wajajen Rusairis, a Oktoba ya sake ɓarkewa a Wad al-Mahi, aka kashe ɗaruruwa, dubbai suka bar gidajensu. A Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Hartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. Masu ciwon daji suka kwararo Wad Madani, inda Jami'ar Jazira ke da cibiyar maganin cutar, sai ga shi a Disamba na shekarar Wad Madani ma ta faɗi, magani ya yanke.

To, a ce an kai wa wannan tsoho mudun da masana ke auna lafiyar ruhu da shi. Mudun yana nan, ba almara ba ne. Wanda ya fi shahara, Paloutzian da Ellison suka ƙera shi a 1982: tambaya 20, rabi a kan zaman mutum da Allah, rabi a kan ko ransa yana da ma'ana da gamsuwa, kowace tambaya da amsa hawa shida, maki daga 20 zuwa 120. An juya shi zuwa Larabci, don haka ba abin da zai hana wani saurayi ya shiga zaure da takarda da biro ya durƙusa.

“Baba Alhaji, yaya ƙarfin jiki?”

“Da sauƙi, ɗana. Alhamdu lillahi.”

Ga mutum kwance fata da ƙashi, fitsarinsa da jini, ɗansa na fari ba a san inda aka binne shi ba, amma da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba. Haka aka rene shi, haka kuma aka reni mai karatu. Bahaushe, Musulmi ko Kirista, ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin baƙo, balle baƙon da ya haifa. A tambaye shi ko yana jin Allah yana ƙaunarsa, wace amsa ake jira? Ya ce a'a, ya yi saɓo a gaban yaro? Zai ɗauki hawa na shida a kowace tambaya, saurayi ya haɗa lissafi ya sami 120, ya tashi ya sa takalmi. Masanan da kansu sun daɗe da lura cewa a cikin jama'a masu riƙon addini kusan kowa yakan kai ƙololuwar wannan ma'auni. Mudun da yake cike tun ba a zuba masa kome ba, me zai auna?

Da a takarda abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma lissafi irin wannan yana da abokiyar tafiya, wata magana mai daɗin ji da akan ji a bakin masu hali: mutanen nan suna da imani, suna da haƙuri, ba su damu ba. Daga nan sai haƙurin talaka ya zama hutun mai iko. Tsohon da ya ce Alhamdu lillahi ya sauke wa Ubangijinsa hakkin godiya ne, bai yafe wa kowa hakkin maganinsa ba.

Abin mamaki, binciken da ya fi cancanta a karanta wa dattawan ikilisiya shi ne wanda ya leƙa ƙarƙashin “da sauƙi”. A 2001 Kenneth Pargament da Harold Koenig da abokansu suka buga labarin majinyata 596, 'yan shekara 55 zuwa sama, da aka kwantar a asibiti a garin Durham, aka bi sawunsu shekara biyu. Waɗanda a ɓoye suke tunanin ko Allah ya yashe su, ko ya daina ƙaunarsu, ko Shaiɗan ne ya kawo musu ciwon, haɗarin mutuwarsu ya ɗara na sauran da kashi 19 zuwa 28 cikin ɗari, ko bayan an yi la'akari da tsananin ciwon kowa. Wato kokawar zuciya da Allah tana iya cin jiki kamar gara.

Nan ne ya kamata mai wa'azin nan ya ji tsoro. Idan ya koya wa jama'a cewa mai bangaskiya ba ya jinya, likitoci ma sun shaida, sa'an nan tsohuwa ta koma gida da ciwon da ba ya jin magani, me zai zauna a zuciyarta da tsakar dare? Za ta ce bangaskiyarta ce ta kasa, ko akwai zunubin da ba a gafarta mata ba, ko Ubangiji ya juya mata baya. Ashe da bakinsa ya shuka mata ainihin abin da bincike ya nuna yana tafiya tare da gajartar kwana. Kuma ba za ta faɗa masa ba. In ya zo gaisuwa, in ma ya zo, za ta ce da sauƙi, Baba Fasto. Abokan Ayuba sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya buɗe baki, a nan suka yi daidai. Da suka fara bayyana masa dalilin ciwonsa ne suka jawo wa kansu fushin Allah.

Kada kuwa ikilisiya ta yi tsammani likitoci ne kaɗai suka gaza. A wani bincike da ya fito a 2007, Likita Tracy Balboni ta tambayi masu ciwon daji 230 da ciwonsu ya yi nisa. Kashi 72 cikin ɗari suka ce asibiti bai kula da bukatar ruhunsu ba, ko ya kula kaɗan. Wannan mai wa'azi zai so ya karanta da ƙarfi. Amma kashi 47 sun faɗi haka nan game da jama'ar addininsu. Kusan rabi! Mutum ya shekara talatin yana ba da baiko, ranar da ƙafa ta kasa kai shi sujada sai sunansa ya koma cikin jerin waɗanda ake ambata a addu'ar Lahadi, a wuce. Ambaton suna daga nesa shi ne abin da Benson ya gwada, an kuwa ji sakamakonsa. Magabata sun riga sun faɗa, zumunta a ƙafa take.

Sudan ɗin nan ta taɓa haifar likitan da ya gane haka. Tijjani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar, wanda ya rasu a 1970, asibitin Omdurman kuma ke ɗauke da sunansa, ya lura cewa mutanen karkara ba su fara kai damuwarsu asibiti. Sukan kai ta masid, wato zawiyar shehi, inda ake ba da rubutun sha da hayaƙi, majinyaci ya zauna makonni cikin jama'a. Bai rufe ido ga ɓarnar da ake yi a waɗansu wuraren ba, har da mari da bulala. Duk da haka ya nemi shehunan ya yi aiki tare da su, shi da Taha Ba'ashar da ya biyo bayansa, domin sun ga shehi yana da abin da likita ba shi da shi: lokaci, da amincewar marar lafiya. Mai bi ba zai sha rubutu ba, amma ya kamata ya ji kunya in shehin Jazira ya fi dattijon ikilisiya sanin sunayen marasa lafiyar unguwarsa.

Labarin zuciya, an ce, a tambayi fuska. Fuskar tsoho kuwa ba ta buɗewa a zuwan farko. Sai an zo na uku, na huɗu, an zauna a bakin tabarma an yi hirar damina da tsadar dawa, an yi shiru tare, sa'an nan ya juya fuska bango ya ce, “Ɗana, ni dai ban san abin da na yi ba.” Wannan ita ce maganar da tambaya 20 ba ta iya fitarwa, mai ita kuwa ba gardama yake nema ba, ba kuma aya goma a jere ba.

Cicely Saunders, mai bi ce, ma'aikaciyar jinya da ta zama likita, ta buɗe gidan kula da masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967. Ta koyar cewa zafin mai mutuwa dunƙule yake, na jiki da na zuciya da na iyali da na ruhu. Ba ta ba kowa addu'a a madadin magani ba. Takan ba da mofin a kan kari tun zafi bai dawo ba, domin ta ga wanda zafi ke ci ba ya iya tunani, balle addu'a, sa'an nan ta jawo kujera ta saurara. Likita Anne Merriman ta kawo wannan hanya Uganda a 1993 da mofin na ruwa mai araha, a 2004 kuma ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu horo izinin rubuta shi, don ya kai ƙauyen da likita ba ya zuwa. Ba arzikin Amurka ake bukata kafin a yi haka ba.

Sojoji sun sake karɓar Wad Madani a Janairu 2025. Duk inda ƙura ta lafa masu agaji sukan biyo, da motoci da takardun cikewa, wataƙila har da mai tambayar salamar zuciya. Kafin a buɗe wannan takarda a gaban tsohon kambo, a fara duba fitsarinsa. Maganin tsargiya, praziquantel, ƙwayoyi kaɗan ne a sha sau ɗaya, kamfanin Merck kuma yana ba da har miliyan 250 kyauta kowace shekara ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya. Yawancinsu ta makarantu ake raba su, tsoho kuwa ba ya zuwa makaranta.