Itacen Yahuza Ba Shi Da Laifi

Akwai wani itace a ƙasar Isra'ila da Turkiyya da kudancin Turai wanda ake kira itacen Yahuza. Yakan yi fure a watan Maris ko Afrilu, daidai lokacin Ista, tun ganye bai fito ba. Furen, mai ruwan hoda-hoda, yana fitowa har a jikin kututture. Daga baya ya yi 'ya'ya kamar kwanson wake, gama dangin wake ne, kuma ɗan'uwan kalgonmu ne na nesa.

An daɗe ana cewa wai a kansa Yahuza Iskariyoti ya rataye kansa, wai furensa fari ne a da, kunya ta sa ya yi ja. Mu kam ba mu yarda a ɗora wa itace wannan kaya ba. Mu buɗe Matiyu 27:5. An faɗa mana ya zubar da azurfar a Haikali, ya je ya rataye kansa, amma ba a ambaci irin itacen ba. Ayyukan Manzanni 1:18 ma bai ambata ba. Masana da yawa suna ganin sunan ya fito ne daga Faransanci, inda ake ce masa itacen Yahudiya, sai baki ya karkatar da shi.

Kada a ce maganar wasa ce. A shekara ta 1937, da jihar Oklahoma ta Amurka za ta ɗauki ɗan'uwansa, wanda suke kira redbud, wato jan toho, ya zama itacen jiha, sai da aka yi gardama saboda wannan tatsuniya. Alhali irin na Amurka ba ya ma tsirowa a Yahudiya! An ɗauke shi duk da haka, kuma mun ga sun yi daidai. Idan muka bar tatsuniya ta hau bagade tare da Nassi, 'ya'yanmu ba za su iya raba su ba.

Masu shuka shi a can sun san halinsa. Ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, ba ya son a yi ta cirarsa ana dasawa, don haka tun yana ƙarami ake ba shi wurin zamansa. Irinsa yana da tauri: sai an jiƙa a ruwan zafi, a ajiye cikin sanyi wajen wata 2, kafin ya tsiro.

Wannan sanyin ne ba mu da shi, hunturunmu bai kai ba. Kwamitin ikilisiya da ya ga hotonsa ya yi sha'awa, kada ya taɓa kuɗin baiko a kansa. Ga minjirya, ga gurjiya, su ma da rani suke yin jan fure a kan reshe tsirara. Minjirya kuwa reshenta kawai za a sara a kafa a harabar coci da farkon damina, ta kama.